Pak Deraman Ya Kai Ɗakinsa Gidan Surukai

Tun da Pak Deraman, wato Baba Deraman, ya yi ritaya daga aikin sito, mutanen layinsu a garin Dungun ba su ƙara shan kofi cikin kwanciyar hankali ba. Da an fito daga masallaci zai riga kowa zama a shagon kofi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya shiga koya wa jama'a yadda ake tuƙi a kan ƙanƙara, da yadda ake kwana a tsakiyar hamada, da hanyar da ta fi sauƙi daga Turkiyya zuwa Farisa. Iyakar tafiyarsa a duniya kuwa Kuantan ce, wani birni da ba shi da nisa da su, sau biyu, kuma a ta biyun ma bas ta wuce da shi yana barci. Sauran duk a waya ya gan su.

Ran nan sai ga shi ya shigo layi da wata tsohuwar farar bas, tana tari tana hayaƙi. Ta masu katifa ce, irin waɗanda ke zaga unguwanni suna karɓar tsohuwa su ba da sabuwa. Matarsa Mek Esah, wadda ke kiran sa Abang, wato maigida, ta leƙo ta taga da ludayi a hannu.

"Abang, gawar wa ka ɗauko mana?"

"Gida ne, Esah. Gida mai taya. A cikin irinsa Turawa ke tsufa."

"Ai wannan ya riga su."

Wata uku ya yi yana buge-buge a ƙofar gida. Ya kafa gado mai naɗewa a jikin bango, ya yi kanta da murhun gas, ya ɗora tankin ruwa a saman mota, ya haɗa rumfar tamfol mai fitowa daga gefe. Abin da ya fi alfahari da shi kuwa wasu dunƙulallun mariƙai ne na katako, kowanne kamar ƙaramin lemo, waɗanda ya samo buhu guda. Da su ya ɗaure komai: ƙofar baya, famfo, ƙafafun gado, har kan giyar motar.

"Babu ƙusa ko ɗaya a motar nan," in ji shi ga maƙwabcinsa Pak Sulong, wanda kullum ke jingine da katanga yana kallo. "Murɗawa kawai ake yi. A ɗaure da hannu, a kwance da hannu. Haka Jamusawa ke yi."

"Su ma suna kiran sunan Allah idan guduma ta sami yatsansu?"

"Hassada ce ke cin ka, Sulong."

"Ƙwarai. Ko barci ba na iya yi, musamman da rana."

Ana haka sai ga goron gayyata. 'Yarsu Norlia, mai aiki a kantin magani, ta daidaita da wani malamin makaranta, Hafizi, ɗan ƙauyen masunta na Pengkalan Siput. Iyayensa sun riga sun zo sun gaisa, yanzu kuma sun ce a zo ranar Asabar a ci abincin rana a bakin teku, a sa ranar biki. Tsakanin gidan Pak Deraman da ƙauyen kilomita goma sha tara ne.

"Allah ya kawo ranar buɗe mota," in ji Pak Deraman. "Su suna da jiragen kamun kifi, to mu ma za su ga abin da muke da shi."

"Baba, don Allah mu hau tasi," in ji Norlia. "Mutanen nan masu kunya ne. Mu je mu ci abinci, a sa rana, mu dawo."

"Tasi? 'Yar Deraman ta je gidan miji a tasi kamar mai zuwa asibiti?"

"To ni a babur ɗina zan tafi."

"Ki tafi. Idan muka wuce ki a hanya, ki ɗaga mana hannu."

Pak Sulong ya ce shi ma da shi za a je. Ba wanda ya gayyace shi, amma ya ce ya sha hayaniyar wata uku, ba zai bari a ci ribar ba shi ba. Da yake mota na juya masa ciki, Norlia ta ba shi ƙwayar hana amai, ta ce guda ɗaya tak zai sha domin tana sa barci. Ya dubi motar, ya dubi direban, ya zuba sauran a aljihu.

Safiyar Asabar layi ya cika. Pak Deraman ya fito cikin farar riga da sabon zani irin na mazan garin mai ratsin kore da farar hular kyaftin ɗin jirgi. An loda shinkafa buhu guda, gwangwanayen kifi, fitila, gatari, igiya, taswirar Asiya, da bargo uku.

"Kifin gwangwani za ka kai wa masunta?" in ji Mek Esah.

"Matafiyi ba ya sanin abin da zai tarar."

"Ni na sani. Gidan Mek Timah uwar Hafizi zai tarar, kusa da masallaci."

Ya hau kan matakalar mota ya yi wa jama'a jawabi. Ya ce duk wanda ya ɓata wa ya yafe masa, domin hanya ba ta da tabbas. Wani dattijo ya ce in dai Pengkalan Siput ce, ya sayo masa busasshen kifi. Pak Deraman ya yi kamar bai ji ba, ya shiga, ya tayar da mota, ya murɗa giya zuwa ribas.

Sai wata murya ta ɓarke daga ƙarƙashin tankin ruwa, da ƙarfin da ya tashi tantabarun layin gaba ɗaya: "Tsohuwar katifa, a kawo a karɓi sabuwa. Katifa, katifa. Tsohuwa ta tafi, sabuwa ta zo."

Lasifikar masu katifa ce. Da yake haɗa wayoyin fitilar ɗaki, ashe ya haɗa ta da fitilar ribas. Jama'a suka kwashe da dariya, wasu har da dafa katanga. Pak Deraman ya leƙo ta taga fuska a ɗaure.

"Gargaɗi ne ga masu tafiya a ƙasa. Da gangan na bar ta."

Norlia ta ja gilashin hular kwanonta ta rufe fuska, ta ba babur wuta, ba ta waiwayo ba.

A titi Pak Deraman bai yarda ya wuce talatin ba, ya ce gida ba ya gudu. Motoci suka yi layi a bayansa kamar ana rakiyar gawa, ana ta danna masa oda, shi kuwa yana ɗaga musu hannu ta taga yana cewa, "Kin gani, Esah? Gaisuwa suke yi." A ramin farko gadon ya kwanto daga bango ya sauka a ƙeyar Pak Sulong, wanda ke zaune a baya kan buhun shinkafa. Ya mayar da shi. A rami na biyu ya sake saukowa. A na uku Pak Sulong ya riga ya ɗaga hannu biyu yana jiran sa, sai wannan karon ƙofar kanta ce ta buɗe, tukunya ta same shi a gwiwa.

"Deraman, motar nan ta san ni ne?"

"Ka zauna daidai. Kai ne ba ka iya zaman mota ba."

A fitilar kan hanya ya taka birki, murfin tanki ya yi tsalle, ruwa ya kwararo ta kan gilashin gaba ya wanke wani mai babur da ke tsaye a gefe. Mutumin ya ɗaga kai ya dubi sama, ba gajimare ko ɗaya. Kafin ya gane, fitila ta ba da hannu.

Da sun bi babban titi, da minti arba'in ya kai su. Amma Pak Deraman ya ce akwai wata yanke da ya gano a taswira, wadda ko direbobin bas ba su sani ba. Suka saki kwalta, suka shiga wani ƙauye, hanya ta yi ta tsukewa tsakanin gidaje har ta ƙare a bakin wata gadar katako da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Babu wurin juyawa.

"To, kyaftin," in ji Mek Esah.

Babu yadda zai yi. Ya murɗa giya zuwa ribas.

"Tsohuwar katifa, a kawo a karɓi sabuwa."

Rabin kilomita suka yi da baya-baya, lasifika na kira, kuma ƙauyen ya amsa. Mata suka riƙa saukowa daga matakalan gidaje, kowacce da katifa a ka. Pak Deraman na ɗaga hannu yana cewa ba saye yake ba, su kuma suna ɗauka cewa yake su yi sauri. Wata tsohuwa mai ƙarfin hali ta cim musu, ta buɗe ƙofar baya, ta cusa katifarta a kan Pak Sulong, ta tsaya tana jiran sabuwa.

"Mak Cik, wallahi ba masu katifa ba ne mu," in ji Pak Deraman, yana kiran ta inna da yarensu. "Wannan gidana ne."

"Gidanka? To me ya sa gidanka ke kiran katifa?"

"Kuskuren waya ne."

"Ni dai na sauko da ita, kuma ba zan sake hawa da ita ba. Ɗana, ka tafi da ita, Allah ya ba ka lada."

Kafin su kai kwalta an ƙara musu ta biyu. A nan Mek Esah ta sauka, ta ɗauki wuƙar yanka albasa daga kantar motar, ta hau taya, ta datse wayar lasifikar. Muryar ta mutu a tsakiyar "kati". Pak Sulong kuwa, da ya ga tafiyar ba ta ƙarewa ba ce, ya laluba aljihu ya watsa ƙwaya uku a baki ya kora da ruwan famfon Jamus.

Sun isa Pengkalan Siput ana shirin kiran azahar. Norlia ta fi awa biyu da zuwa, har ta taya yanka albasa. Uban Hafizi, Pak Mat Zin, ya fito tarbar su. Siririn dattijo ne wanda rana ta gasa, mai jirgin kamun kifi da gonar kwakwa, maganarsa ba ta wuce kalma biyar a jere. A bayansa matarsa Mek Timah ke tsaye cikin kayanta na salla, tana ta murza hannuwa. A ƙarƙashin gidan kuwa, ɗaure da doguwar igiya, wani ƙaton biri ne zaune yana kallon baƙi. Sunansa Bujang, shi ke hawa ya tsinko wa Pak Mat Zin kwakwa.

"Sannunku da hanya," in ji Pak Mat Zin. "Ga inuwa nan, a ajiye ta."

Pak Deraman ya dubi inuwar, ya dubi teku. Ruwa ya janye can nesa, ya bar wani shimfiɗaɗɗen fili na jiƙaƙƙen yashi mai sheƙi.

"Haba, surukina. Irin wannan mota ba a ɓoye ta a bayan gida. A bakin ruwa ake ajiye ta, mutum ya buɗe taga ya ga duniya."

"Ruwan zai dawo."

"Sai ƙarfe shida. Na duba a waya."

"Bayan azahar yake dawowa."

"Da can ke nan. Yanzu komai da lissafi ake yin sa."

Pak Mat Zin ya yi shekara arba'in yana fita tekun nan, amma baƙo baƙo ne. Ya ce, "To." Pak Deraman ya gangara da mota har tsakiyar filin, ya juya mata baya ga teku, ya fito yana gyara hula. Masunta da ke ɗinkin koma a gindin bishiyoyi suka ajiye allura suka matso.

Ya zaga da su. Ya nuna musu murhu, ya nuna famfo, ya nuna gado, wanda Pak Sulong ya riga ya shimfiɗa masa katifun nan biyu ya haye yana minshari. "Wannan baƙo ne, yana gwada mana gadon," in ji shi. Daga nan ya ce a ja baya, za a ga abin da ba a taɓa gani ba. Ya murɗa wani mariƙi, rumfar tamfol ta fito. Iskar teku ta shiga ƙarƙashinta, ta kumbura, ta fizge daga jikin mota, ta tashi kamar shirwa, ta bi ta kan tabarmin da matan ƙauye suka shanya ƙananan kifi, ta share su tas, sannan ta je ta naɗe a kan wata bishiyar kwakwa. Kajin ƙauyen suka yi ca a kan kifin.

"Tana cirewa," in ji Pak Deraman. "Haka aka yi ta, don wanki."

Mek Esah ta bi matan ɗaya bayan ɗaya tana ba da haƙuri, Norlia kuwa ta shige kicin ta ƙi fitowa.

Bayan salla aka shimfiɗa tabarma a barandar gida. Mek Timah ta kawo shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa, da miyar kifin tuna, da gasasshen kifi, da ruwan ɗanyar kwakwa. Duk abin da ta ajiye sai ta ce, "Ku yi haƙuri, abincin ƙauye ne." Pak Deraman ya ci faranti uku, yana yi wa Pak Mat Zin bayanin yadda ake kama kifi a Norway. Hafizi ya sunkuyar da kai yana ƙirga ƙwayar shinkafa. Ba wanda ya lura igiyar da ke ƙarƙashin gida ta zama ba kowa a bakinta.

Da aka wanke hannu, Pak Mat Zin ya gyara zama ya yi gyaran murya. "To, game da yaran nan..."

Sai wata mata ta tsaya a ƙasan baranda da kwando a ka. "Pak Mat, baƙonku ne mai farin ɗakin can? Na ga ya shiga wanka."

Suka miƙe gaba ɗaya. Filin yashi babu shi. Teku ta dawo, ta kai rabin tayoyin mota, kowace igiyar ruwa na zuwa ta mari ƙofar baya ta koma. A tagar direba kuma ga Bujang zaune. Tun yana ƙarami abu guda aka koya masa a duniya: in ya ga dunƙulallen abu, ya murɗa shi har ya tsinke, ya jefo ƙasa. Yau kuwa Allah ya kawo shi gonar da ba a taɓa girbe ta ba. Yana shiga ciki, ya fito da mariƙi, ya jefa a ruwa, ya koma. Mariƙai sun fi ashirin suna yawo a kan teku.

Pak Deraman ya tattare zani ya ruga, hula a hannu. "Kai, ɗan banza, sauka. Wannan ba kwakwa ba ce."

Bujang ya dube shi, ya jefo masa kan giya.

Ya faɗa cikin ruwa, ya kai ga mota, ya kori birin zuwa saman tanki, ya tayar da inji. Ya kama tsinin ƙarfen giya da hannu biyu ya tura, ya taka mai har ƙasa. Tayoyi suka yi ta juyawa suna haƙa, mota ta zauna daɓas har cikinta ya taɓa yashi, inji ya yi atishawa biyu ya mutu.

Zuwa lokacin duk ƙauyen ya hallara, har da liman. Pak Mat Zin ya sa aka kawo babbar igiyar da ake jan jirage da ita. Zai shiga ya ɗaura, Pak Deraman ya tare shi.

"Bar ni da wannan, surukina. Akwai wani ƙulli na sojan ruwa da na iya."

Ya ɗaura a bamba ta gaba, ya yi ƙulli a kan ƙulli, ya hau matakala ya ɗaga hannu. Maza arba'in suka kama igiya, mai ba da waƙar jan jirgi ya ɗauko, suka amsa, suka ja. Ƙullin dai bai kwance ba, wannan gaskiya ne. Bambar ce ta fita. Mutum arba'in suka zube a yashi a kan juna, liman a ƙasa, bamba ta biyo su tana tsalle.

"Kun ga ƙulli ko?" in ji Pak Deraman.

Pak Mat Zin ya kwance igiyar daga bamba. Ya tuɓe riga, ya nutsa ƙarƙashin mota, ya ɗaura igiyar inda ya kamata. Aka sake ɗauko waƙa, wannan karon har mata suka kama. Mota ta yi ƙugi, ta motsa, ta ɗaga hanci ta fara hawa gangaren. Tana ɗaga hanci, ƙofar baya da Bujang ya cire wa mariƙi ta wangale. Buhun shinkafa ya fara fita. Tukwane suka bi shi, da gwangwanaye, da taswirar Asiya. Daga ƙarshe gadon, wanda ba abin da ya saura yana riƙe da shi, ya sulalo a hankali, da katifunsa biyu, da bargo, da Pak Sulong a kai, hannuwa harɗe a ƙirji. Ya sauka a kan ruwa ko girgiza bai yi ba, ya juya sau ɗaya, ya kama hanyar tsakiyar teku.

Masu jan igiya suka saki baki. Wata tsohuwa ta tambaya ko rasuwa aka yi.

Sai da ruwa ya taɓa masa ƙafa Pak Sulong ya buɗe ido. Ya ga sama. Ya juya dama ya ga ruwa, ya juya hagu ya ga ruwa. Ya tashi zaune a hankali ya hango ƙauye guda tsaye yana kallon sa.

"Deraman," ya kira, "wannan ma yanke ce?"

"Kada ka motsa, ina zuwa. Na iya ceto."

Ya kutsa. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Wata babbar igiyar ruwa ta taso ta rufe shi, ta juya shi, ta ajiye. Ya taso yana furzar da ruwa, ya laluba ƙugunsa, sai ya tsaya cak. Can gefe sabon zani mai ratsin kore na tafiya abinsa. Wasu masunta biyu suka tura ƙaramin kwale-kwale, suka wuce shi, suka jawo gadon da Pak Sulong zuwa gaɓa, jama'a na tafi. Mota ta fito, Pak Sulong ya fito, har biri ya sauko. Pak Deraman kaɗai ya rage a teku, ya durƙusa, kansa kawai ake gani.

"Abang, fito mana," in ji Mek Esah.

"Ina shan iska."

"A cikin ruwa?"

"Ruwan gishiri na maganin sanyin ƙashi. Ku je, zan taho."

Norlia ta zauna a kan wani juyayyen kwale-kwale ta rufe fuska da mayafi. Ta gama sallamawa: wa zai haɗa zuri'a da wannan? Sai ta ji wani sauti a bayanta kamar ana shaƙe kaza. Mek Timah ce. Ta toshe baki da gefen mayafi, ta yi ta danne abin har ya fi ƙarfinta, ta zube a yashi da kayan sallarta tana dariya, hawaye na zuba, tana dukan cinyar Mek Esah. Mek Esah ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, ta kasa, ita ma ta zauna. Daga nan kowa ya samu izini.

Pak Mat Zin ya shiga ruwa, ya je har inda kan surukinsa yake, ya durƙusa shi ma, suka zama kai biyu.

"Pak Deraman," in ji shi, "kwana bakwai matata ba ta yi barcin kirki ba. Ta wanke gida sau uku. Ta ce mutanen birni ne, masu ilimi, za su raina mu." Ya waiwaya ya dubi gaɓa, inda Mek Timah ke kwance tana neman numfashi. "Yanzu ta warke. Asabar ta biyu bayan ƙaramar salla ta yi maka?"

Ba a taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. Pak Deraman ya dube shi, ruwa na shiga masa kunne. Sannan ya fito da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da abin da ya saura masa, suka yi musabaha.

"Ta yi. Kuma ka rubuta ka ajiye, surukina, kaf Dungun ba wanda ya taɓa sa ranar 'yarsa a cikin teku. Ni ne na farko."

"Haka ne," in ji Pak Mat Zin.

Ya fito ya sanar, liman ya yi addu'a yana kakkaɓe yashi daga gemu, aka shafa. Norlia ta ɗago kai tana kuka tana dariya. Saura fito da uban amarya. Kayan gidan Pak Mat Zin na can nesa, abin da ke kusa kawai shi ne shanyar wata maƙwabciya. Mek Esah ta zaro zani guda, ja mai manyan furanni ruwan ɗorawa, ta naɗe shi ta jefa masa.

Ya ɗaura shi a ƙarƙashin ruwa, har ƙirji, don iyakar yadda ya iya ke nan. Ya taso yana ɗiga, ya gyara kafaɗa, ya ratsa tsakiyar jama'a a hankali yana ɗaga hannu dama da hagu kamar mai buɗe sabuwar gada. Da ya iso gaban matarsa ya rage murya.

"Esah, tsakaninki da Allah, yaya na fito?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Kamar uwar amarya," in ji ta. "Ka riƙe shi har ranar biki, ni sai in huta."